Glock 17 a iskar gishirin Accra: abin da littafina ya nuna bayan shekara 12

Wata rana muna zaune a rumfa a kasuwar shanu ta Tulaku, can Ashaiman, muna jiran motar da ta taso daga Paga, sai wani Alhaji da muka daɗe muna ciniki tare ya matso kusa da ni ya rage murya. Ya ce, "Soja, takarduna sun kusa fitowa. Wace irin bindiga zan nema wadda ba za ta ba ni kunya ba?" Na ce, "Alhaji, bari in koma gida in duba littafina tukuna. Wannan ba maganar da ake yi da ka ba ce." Abin da na tarar a littafin shi ne nake rubutawa yanzu, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba a cikin 'yan'uwanmu masu fatauci.

A Nima aka haife ni, yanzu ina zaune a Alajo. Na yi shekara 25 a soja, na je Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a 1990, daga baya na je kudancin Lebanon aikin kiyaye zaman lafiya. Shekaruna na ƙarshe a ma'ajiyar makamai na yi su, inda aikina shi ne karɓa, dubawa, gogewa da rubutawa. A can na koyi ajiye littafi. Duk bindigar da ta fita, a rubuta harsashi nawa ta ci, ta cije ko ba ta cije ba, me ya jawo. Da na yi ritaya na shiga sana'ar shanu, ina yawo da kuɗin mutane a jiki, sai na nemi izinin riƙe ƙaramar bindiga. A 2013 ta shigo hannuna, Glock 17, zubi na uku, kuma tun ranar farko na buɗe mata shafi.

Kafin komai, maganar takarda. A Ghana ba a sayen bindiga kamar yadda ake sayen rediyo. Dokar makamai ta 1972 tana nan tana aiki, rajista a hannun 'yan sanda take, babban ofishin rajistar yana hedikwatar CID, sashen binciken laifuka na 'yan sanda, a nan Accra, kuma lasisi duk shekara ake sabunta shi. Harsashi ma da izini ake saye, da ƙidaya. Riƙe bindiga ba takarda babban laifi ne mai kai mutum gidan yari. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, da mai lasisi nake.

Ga wanda bai san yadda irin wannan fistol take aiki ba: duk jan kunama ɗaya, harsashi ɗaya ke fita. Ƙarfin harbin ne ke tura silaid, wato ƙarfen saman nan, ya ja da baya, wata 'yar ƙugiya ta fizgo kwanson ta jefar, sannan sifirin ya dawo da silaid gaba ya kwaso sabon harsashi daga magazin, wato gidan harsashi, ya tura shi ramin da ke gindin bututu. Duk wannan cikin ƙiftawar ido. In abu ɗaya ya yi rauni a wannan jerin, ko sifirin, ko ƙugiya, ko leɓen magazin, ko harsashin kansa, sai ta tsaya. Saboda haka in ana maganar amincin fistol, ana maganar abubuwa huɗu ko biyar ne da dole su yi aiki tare.

Mutumin da ya ƙera ta, Gaston Glock, ɗan ƙasar Ostiriya ne, kuma kafin nan bai taɓa ƙera bindiga ba. Sandunan labule yake yi da wuƙaƙen soja. Sojan ƙasarsa suka nemi sabuwar fistol, suka gindaya sharuɗɗa masu tsauri: cikin harsashi 10,000 na farko kada ta cije fiye da sau 20, kuma in ta faɗo daga tsayin mita 2 a kan farantin ƙarfe kada ta tashi da kanta. Tasa ta ci gwajin a 1982. Gangar jikinta roba ce mai tauri, silaid da bututu ƙarfe ne, magazin yana ɗaukar harsashi 17 na milimita 9, nauyinta ba magazin gram 625. Kayan cikinta talatin da 'yan kai ne kacal. A shekarar da na sami tawa, sojan Ingila suka ajiye Browning da suka riƙe fiye da shekara 40 suka koma Glock 17. Ba zan ɓoye ba, wannan labari ya taimaka wajen kwantar mini da hankali, domin ni da na saba da ƙarfe zalla, ranar da na fara riƙe ta sai na ji kamar abin wasan yara ne a hannuna.

To amma gwajin Ostiriya gwajin yawan harbi ne. Mu nan ba shi ne damuwarmu ba. Ni cikin shekara 12 harsashi 2,640 na harba, duk a filin koyo mai izini. Wanda ke ƙasar da harsashi ke da araha zai iya cinye wannan a wata biyu. Bindigar mai lasisi a Accra rayuwarta zama ce. Tana kwance a akwati wata uku, wata huɗu, ko tana manne da ƙugu cikin gumi daga asuba zuwa isha'i. Abin da ke kashe ta a nan shi ne iskar teku, da danshin damina, da gumin jiki, da ƙurar hunturu in an hau arewa. Tambayar da ta dame ni ita ce: in ta yi wata huɗu ba a taɓa ta ba, ranar da aka ɗauko ta za ta tashi?

Duk wanda ya taɓa zuwa filin harbi na Teshie ya san abin da nake nufi da iskar teku. Filin a bakin ruwa yake. In aka dawo da makamai da yamma aka yi sakaci ba a shafe su da mai ba, da safe za ka ga jan tsatsa ya fara fitowa kamar an barbaɗa garin barkono. Na yi shekaru ina yaƙi da wannan da tsumma da buroshi. Don haka a watannin farko kullum sai na kwance tawa na duba, ina jiran ranar da zan ga ja. Ban gani ba. Dalili shi ne yadda suke sarrafa ƙarfen silaid da bututu a da, abin da suke kira Tenifer: akan tsoma ƙarfen a wani narkakken gishiri mai zafi, sinadarin naitirojin ya ratsa fatarsa, ta yi tauri ta kuma daina karɓar tsatsa da sauƙi. Baƙin launin da ake gani a sama daban yake. Nawa ya koɗe a kusurwoyi inda kube ke gogarsa, har ya yi fari-fari, amma wurin bai taɓa yin ja ba, domin kariyar tana cikin ƙarfen. Ita kuwa robar jiki ba ruwanta da gumi. Na yi tsoron zafin mota zai lanƙwasa ta ko ta tsage da tsufa. Har yau ba tsaga, ba sassauci, magazin yana shiga ya kama da ƙara ɗaya kamar ranar farko.

Babban gwajin da ta sha ba ni na shirya shi ba. Daren Laraba, 3 ga Yuni 2015, daren da Accra ba za ta manta ba. Allah Ya jiƙan mutum sama da 150 da suka rasu a ambaliya da gobarar gidan mai na Kwame Nkrumah Circle, Ya ba iyalansu haƙuri. Mu a Alajo kogin Odaw ne ya cika ya shigo mana. Ina ɗaki na ji uwargida tana kira, "Maigida, ruwa! Ruwa ya shigo!" Kafin in sa takalmi ya kai gwiwa. Yara muka fara ɗauka, sai tsohuwa, muka hau benen maƙwabci. Akwatin ƙarfen da bindigar ke ciki a daddale yake da ƙasa cikin kabad, na san ruwa ba zai tafi da shi ba, na bar shi. Sai bayan azahar ta washegari na samu shiga ɗakin. Akwatin cike yake da baƙin ruwan kwata, da yashi, da wani irin taɓo mai yauƙi da wari. Ta kwana a ciki, ta yi rabin yini.

Na ɗauko ta, na cire magazin, na tabbatar ba komai a rami, na raba ta gida huɗu: gangar jiki, silaid, bututu, sifirin. Ba a buƙatar sukudireba ko wani kayan aiki, da yatsu ake yi. Na wanke kowanne da ruwa mai tsabta, na shanya a inuwa, na bi da buroshi. Inda ya fi ba ni aiki shi ne hanyar allurar da ke dukan gindin harsashi, domin taɓo ya shiga can, kuma wuri ne da ake so ya zauna a bushe, ba mai ba datti. Na kwana biyu a kai. A cikin akwatin nan akwai wata wuƙa tawa ta yanka da maƙullai, kafin mako ya zagayo duk sun yi ja, har hinjin akwatin sai da na canza. Silaid da bututun bindigar ko ɗigo. Sifirin na cikin magazin biyu da suka kwana a ruwan na canza su daga baya, don ba zan dogara da siririn ƙarfen da ya sha ruwan kwata ba, ko na wace masana'anta ne. Bayan sati uku na kai ta fili da sabon harsashi, ta cinye 50 a jere ba tangarɗa. Ranar ce na daina yi mata kallon roba. Gani ya kori ji.

Hunturu kuma ya koya mini wani abu dabam. In na bi shanu zuwa Tamale ko Bolgatanga a watan Janairu, ƙura tana shiga ko'ina, har cikin haƙori. Mu tsofaffin sojoji hannunmu ya saba da zuba mai da yawa, saboda tsoron tsatsa. A tafiyata ta farko haka na yi, da na dawo na buɗe sai na tarar man ya haɗu da ƙura ya zama kamar kunun kanwa mai kauri a kan layukan da silaid ke gudu. Ta yi aiki duk da haka, amma na ji nauyinta a hannu. Wannan bindiga ɗigo kaɗan take so, a layukan silaid, a jikin bututu, da wuri ɗaya a bayan kunama, sannan a goge abin da ya yi saura. Tun da na koma haka, ƙura ba ta samun abin kamawa.

Yanzu ga abin da littafin ya ce. Cikin harsashi 2,640, sau 7 ta tsaya mini. Kowanne na rubuta dalilinsa a ranar.

Huɗu daga ciki magazin ɗaya ne ya jawo su. Lokacin da nake jiran sababbin sifirin, wani mai shago ya kawo mini magazin da ba suna ba tambari a jikinsa, ya ce duk ɗaya ne, kuɗinsa bai kai rabin na asali ba. Na karɓa. A ido ba ka raba su. A fili kuwa, harsashi na uku ya tsaya a karkace, hancinsa ya doki bakin rami. Na gyara, na ci gaba, ya sake. Sau huɗu cikin harsashi 34. Da na zauna na gwada shi da na asali gefe da gefe, sai na ga leɓensa ya buɗe da kamar kaurin farce, kuma sifirinsa ba ƙarfi. Na mayar da na asali a take, ta ci gaba da aiki lafiya lau. Araha ba ta ado. Abin da ya ɓata mini rai shi ne mutumin ya san wa yake sayar wa da kuma dalilin da ya sa mutum ke riƙe irin wannan abu. Da a hanya ne wannan ya faru, ba a fili ba, da maganar ta zama wata. Na murƙushe magazin ɗin da guduma don kada ya faɗa hannun wani.

Biyu kuma harsashin da ya kwana a ruwan ambaliya ne. Na so in san ko ya rayu, na ware 10 na gwada. Takwas sun tashi, biyu allura ta doke su, alamar dukan ta fito sarai a gindinsu, amma shiru. A irin wannan hali ba a gaggawar buɗewa. Ana ci gaba da nuna bakin bindiga inda ake harbi, a jira ɗan lokaci, don wani harsashin yana jinkiri kafin ya tashi. Sauran na tattara na miƙa wa 'yan sanda. Tun daga nan harsashina a cikin gwangwani mai murfin roba yake zama, a saman kabad, nesa da ƙasa, kuma wanda ya daɗe a magazin ina ɗauka a jiki shi nake fara harbawa in na je fili.

Na bakwai hannuna ne. Wani bijimi ya fizge igiya ya murɗe mini wuyan hannu, ban gama warkewa ba na je fili. Irin wannan fistol tana bukatar hannu ya tsaya daram don silaid ya sami abin dogara ya kai ƙarshen tafiyarsa. Hannun ya yi laushi, kwanso ya maƙale a tsaye a bakin tagar da yake fita. Na koma ɗaya hannun, ba ta sake ba.

Ke nan ba ko ɗaya da zan ɗora wa bindigar kanta. Ba abin da ya taɓa karyewa a jikinta. Babban sifirin na silaid na canza shi sau ɗaya, a shekara ta takwas, ba don ya gaza ba, don dai na san sifirin abu ne mai gajiya kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai abubuwa biyu da nake so duk mai sha'awarta ya sani, kuma a kansu ne na fi daɗewa da Alhaji. Na farko, ba ta da makullin gefe irin wanda ake turawa da babban yatsa. Kariyarta uku ce, duk a ciki suke: ɗan harshe a tsakiyar kunama, da abin da ke tare allura, da wanda ke hana ta tashi in ta faɗi. Duka ukun suna sakin hanya ne da zarar an ja kunama. Wannan yana cikin abin da ya sa take da aminci, ba abin da za ka manta ba ka buɗe ba. Amma ma'anarsa ita ce duk abin da ya shiga ya ja kunamar nan, yatsa ne, igiyar wando ce, bakin riga ne, za ta tashi. Mu masu sa manyan riguna da jalabiya sai mu kula ƙwarai. Ba a jefa ta aljihu tsirara, ba a cusa ta a ƙugu haka nan. Kube mai tauri wanda ya rufe kunama gaba ɗaya wajibi ne, kuma yatsa ba ya shiga sai an yi niyyar harbi. Na biyu, kafin a kwance ta sai an ja kunama. Wanda ya cire magazin ya manta akwai ɗaya a rami, a nan ake samun masifa a cikin ɗaki, gaban iyali. Ni har yau sau biyu nake dubawa, da ido sannan da yatsa, kuma ba na kwance ta in akwai yaro a ɗakin.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Mariƙinta yana da kauri, mai ƙaramin hannu ya gwada riƙewa kafin ya yanke shawara, akwai ƙanwarta Glock 19 mai ɗaukar 15 wadda ta fi ta gajarta. Saitinta, wato abin da ake duba wurin harbi da shi, na roba ne, wasu suna canza shi da na ƙarfe, nawa dai yana nan. Ba ta da kyan gani, wanda ke son abin nunawa ya duba wata. Kayan gyara kuma a nan ƙasar sai haƙuri, ta hannun dila mai izini ake bi, kuma sifirin da na nema sai da na yi wata biyar ina jira. Wanda zai saya ya nemi magazin na asali guda uku da sifirin na ajiya tun a ranar farko.

Wani yaro a unguwarmu ya taɓa ce mini, "Baaba, ai bindigar maƙera ma tana yi, kuma ba ta kai kuɗin akuya biyu ba." Na zaunar da shi. Bar maganar cewa haramun ce a doka. Na taɓa ganin irinta da aka kama, bututun famfo ne aka yi mata, ƙarfen da ba a yi shi don ɗaukar matsin harsashi ba. Tana iya tashi sau biyar lafiya, na shida ta fashe a hannun mai ita. Na ga hannun da irin wannan ta ci. Haka masu harbi sama ranar Sallah ko naɗin sarauta a zango, ina roƙonsu don Allah su bari. Harsashin da ya hau sama sai ya sauko, kuma rufin kwano ba ya tare shi.

Cikin shekara 12 ɗin nan ban taɓa nuna wa ɗan Adam ita ba, alhamdu lillahi, kuma kullum addu'ata ke nan in mayar da ita yadda na karɓe ta. Wanda ya ga Monrovia a 1990 ba ya marmarin jin ƙarar bindiga a kusa da mutane. Yanzu ma yawancin kuɗin ciniki ta waya muke turawa, don haka ta fi zama a akwati fiye da da.

Da muka sake haɗuwa a Tulaku na kai wa Alhaji littafin ya gani da idonsa. Ya bi shafukan da yatsa, ya tsaya a na watan Yunin 2015 ya daɗe. Na ce masa, "Alhaji, in dai ƙarko da aminci kake tambaya, wannan ba za ta ba ka kunya ba. Amma kai ba ka taɓa riƙe bindiga ba, kuma gidanka cike yake da jikoki. Kafin ka biya kuɗinta, ka sa a kafa maka akwatin ƙarfe mai makulli, sama da inda ruwa ke kaiwa, sannan ka ba ni Asabar huɗu mu je fili." Ya ce ya yarda. Maƙerin ya riga ya auna bangon ɗakinsa, kuma mun sa ranar farko Asabar ta bayan Sallah.